Gafiya da bushiya: wa ya ci irin gyaɗar Inna?

 

Ranar Talatar da ta wuce, cikin shirinmu na dare da muke buɗe layi kan ajiyar amfanin gona, wani dattijo ya kira daga wani ƙauye. Ya ce: "Malam, tambaya gare ni. Wani abu na yi mini ɓarna a rumbu. Yara sun kama bushiya a gindin rumbun sun kashe, ɓarna ba ta tsaya ba. Na sa magani cikin tuwo na aje, da safe na iske zabina biyu a miƙe. To tsakanin gafiya da bushiya, wace ce ɓarauniyar?" Abokin aikina ya yi dariya, ni ma na yi, na ba shi amsa a gurguje don saura minti biyu lokaci ya cika. Amma da na kashe mikro na hau moto, sai na ji raina ba daɗi. An taɓa yin wannan tambayar a gidanmu shekara ashirin da suka wuce, kuma amsar da muka ba ta, ba bushiya kaɗai ta cutar ba.

Duk wanda ya kai shekaruna bai manta 2005 ba. Daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta faɗa wa wasu yankuna, shekara ta juyo da yunwa, tiyar hatsi ta kai kuɗin da ba mu taɓa ji ba. Lokacin ina CEG a Magaria, ina zaune gidan wani ɗan uwan Baba, sai an yi hutu nake zuwa gida. Inna tana da irin gyaɗa wanda ba a ɓare ba, bai cika buhu ba, ta jingine shi a ƙuryar ɗakin ajiya. Ko ranar da aka kwana da kunu tsinkakke ba ta yarda a taɓa shi. Cewa take: "Wannan ba abinci ba ne, gona ce."

Da na zo hutun watan Afrilu na iske gida ba lafiya. Buhu na raguwa. Kullum Inna ta ɗaga sai ta ji ya ƙara sauƙi. Bayan gyaɗa, guntun sabulu ya ɓata, ƙaramin cokali ya ɓata, har da ɗan kunnenta guda da ta cire ta aje cikin ɗakin. Akwai wani almajiri da ke yi mana ɗiban ruwa, a ba shi sauran tuwo. Bai fi shekara goma ba. Sunanshi na nan a bakina, amma ba zan faɗa ba. Baba ya tara mu ya tambaya wa ke zuwa wajen ɗakin. Ni ne na ce na ga yaron bakin ƙofa da magariba. Gaskiya ne na gan shi. Abin da ban faɗa ba shi ne, ba komai a hannunshi sai ƙoƙon bara. Aka kai shi wajen malaminshi, aka yi mishi bulala gaban ƴan uwanshi. Ya yi ta rantsuwa, ba wanda ya saurara, aka ce ai ɓarawo ma rantsuwa yake. Aka hana shi shiga gidanmu.

Na koma lekol. Da aka ba mu babban hutu ƙarshen Yuni, ruwa ya sauka, an shuka hatsi, ana shirin gyaɗa, sai ga buhu ya kusa komawa rabi. Yaron kuwa wata biyu bai taka ƙofarmu ba. Wani dare ƙanena ya haska fitila bayan ɗakin ajiya, sai ga bushiya cikin tarin ɓawon gyaɗa tana shinshine-shinshine. Muka yi ihu an kama ɓarawo. Ta dunƙule, muka sa mata taɓarya. Ba ta gudu ba, ba ta ciji kowa ba.

Washegari kakanmu na wajen uwa ya zo gaisuwa. Ya yi farauta da ƙuruciya. Ya juya gawar da sanda, ya dubi ɓawon, ya ce: "Ku yaran lekol, a ina kuka taɓa jin bushiya ta ɗauki cokali? Wannan ƙwarin da suka taru cikin ɓawo ta zo ci." Ya bi gindin katanga a hankali, ya mirgina wani tsohon turmi da aka yar, sai ga rami da sabuwar ƙasa a bakinshi. Ya shiga ɗakin ya ja buhu, ya ɗaga yagaggiyar tabarmar da ke ƙasa, ga wani ramin, ga gindin buhu a huje. Aka kawo dagi aka yi ta tono. Can ciki muka iske kamar ɗan ɗaki: gyaɗa ta fi tiya uku, wata ta fara tsiro, wata ta ruɓe, ga cokali, ga guntun sabulu da shaidar haƙori, ga ɗan kunnen Inna. Mai kayan kuwa ta fita ta wata ƙofa da ba mu sani ba, muna ganin farin ƙarshen wutsiyarta ta shige shingen maƙwabta, kumatu cike. Ranar na gane abin da ake nufi da "gafiya, tsira da na bakinki."

Inna ta riƙe ɗan kunnen ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce a kirawo mata yaron. Aka je makarantar, aka iske malam ya kwashe almajiranshi sun koma garinsu noma, can cikin Najeriya. Da kaka ta yi ba su dawo ba.

Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta wa dattijon nan amsar da minti biyu ba su ishe ni ba. Dabbobin nan biyu kusan kowane gida mai rumbu da shinge suna ciki. Dukansu da dare suke fita, dukansu hanci suke bi fiye da ido, dukansu za ka gan su gindin katanga. Nan kamarsu ta ƙare.

Mu fara da jiki. Gafiya, wadda namijinta muke ce mishi burgu, dangin ɓera ce, amma babba: tana haura kilo guda, in an haɗa da wutsiya tana kusa da mita guda, kuma ƙarshen wutsiyar fari ne. Tana da aljihu cikin kumatu, dama da hagu, nan take cusa kaya. Haƙoranta na gaba ba su daina tsawo, dole ta yi ta gurgura, shi ya sa buhu, ƙwarya, robar jarka, har icen ƙofa ba su tsira. Bushiya ba dangin ɓera ba ce ko kaɗan, ta fi kusa da jaɓa. Tsawonta kamar taƙi guda, nauyinta wajen rabin kilo, cikinta fari, bayanta ƙaya. Haƙoranta ƙanana ne masu tsini, na kama ƙwari. Kuma kada a haɗa ta da beguwa: ƙayar bushiya gajere ce, ba ta harba ta, ba ta bin kowa da ita.

Sai abinci. Gafiya na son gyaɗa, hatsi, dawa, wake, rogo, ƙwallon mangwaro, goruba, duk abin da muka sha wahala muka noma. Kuma ba cin cikinta kaɗai take ba, tarawa take. Dare guda sai ta yi sawu da yawa tsakanin buhunka da raminta, abin da ta kwashe ya ninka abin da ta ci. Tana ɗaukar har abin da ba a ci, kamar cokalinmu. Bushiya kuwa abincinta gara, shinge, fara, kyankyaso, buzuzu, tsutsa, gizo-gizo, har kunama da ɗan ƙaramin maciji in ta samu, don dafi bai cika yi mata illa kamar sauran dabbobi masu girmanta ba. Ba ta tara komai, ba ta ɗaukar komai. Ba zan wanke ta tas ba: in ta iske ƙwai a ƙasa ba za ta wuce shi ba. Amma wanda ya ce bushiya ta rage mishi buhu, ya sake bincike.

Sai wurin zama. Gafiya magina ce. Raminta na da ƙofofi fiye da ɗaya, da wurin kwana, da wurin ajiya. Tana son gindin katangar ƙasa, ƙarƙashin rumbu, tsohon suri, bayan masai. Wannan ramin ma ɓarna ce ta dabam, don in damina ta zo ruwa ta nan yake shiga ya jiƙa tushen gini. Mu da muka ga yadda ruwan 2024 ya kwantar da gidajen ƙasa a jihar nan, har da tsohon masallacin Birni a Damagaram, mun san katanga ba ta buƙatar a ƙara mata rauni. Bushiya ba ta wannan aiki. Tarin kara, ƙarƙashin itace, cikin ganye ko ramin da wani ya bari sun ishe ta. Da rani ya tsananta ƙwari suka yi ƙaranci sai ta lafe ta daina yawo, sai ruwa ya sauka ka sake ganinta. Ashe ko a nan da mun yi tunani: gyaɗarmu tun cikin rani take ɓata, lokacin bushiya na kwance.

Sai hali ranar da aka rutsa su. Gafiya gudu take, tana hawa katanga da itace, in ta rasa hanya ta juyo ta yi cizo, kuma cizonta ba wasa ba. Bushiya tsayawa take ta dunƙule ta jira ka tafi. Muna yara mukan kaɗa mata kwano tana zabura, mu ce rawa take, alhali tsoro ne. To kun ga inda matsalar take: mai laifi ba a ganinta, marar laifi ita ake iskewa a wurin. Wanda ya zo da fushi da taɓarya, wanda ya iske shi zai buga.

Ta wajen ciwo kuma, kowace a yi hattara da ita. Bushiya na ɗauke da ƙuma da kaska, bai kamata yara su yi ta wasa da ita su zo su sa hannu a tuwo ba. Gafiya ta fi ta haɗari, don cikin abincinmu take shiga, ta bar fitsari da kashi. A 2003 an kwashi wasu dabbobi daga Gana zuwa Amurka don sayarwa, har da gafiyoyi, ta nan cutar ƙyandar biri ta ɓulla can ta kama mutum 47, har gwamnatinsu ta hana shigo da dangin ɓera daga Afirka. Zazzaɓin Lassa da muke ji a Najeriya, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ƙaramin ɓeran gida da gona ne ke yaɗa shi, ba gafiya ba. Amma ƙofar da gafiya ta buɗe, ɓera ma ta nan zai bi.

Kada ku ce na tsani gafiya. Halittar Allah ce, kuma hancin nan da take gano buhunka da shi, wasu sun mai da shi aiki. Wata ƙungiya mai suna APOPO tana horar da ƴan uwan gafiyarmu a Morogoro, ƙasar Tanzaniya, su shinshino nakiyar da aka binne a ƙasa. Ba su da nauyin da zai tayar da ita, sai su tsaya su yi ƙarce a wurin, a ba su ayaba ko gyaɗa lada. Sun yi aiki a Mozambik da Angola da Kambodiya, suna kuma shinshinar majina su gano tarin fuka. Wani burgu da ake kira Magawa ya gano nakiya da bama-bamai fiye da 100 a Kambodiya, har aka ba shi lambar zinariya a 2020. Ita ma bushiyarmu, irin wannan mai farin ciki da yaranmu ke gasawa, ita ce Turawa ke kiwo cikin ɗaki, suna saye da kuɗi mai yawa. Abin da muke bi da taɓarya, wani gado yake yi mishi.

Kuma ba mu kaɗai ke wannan ruɗu ba. A lekol mun taɓa karanta sunan wata dabba, raton laveur, Amurkawa na ce mata rakun. Su ma suna da baƙin dare biyu a bayan gida: ita da wata da ake kira ofosum. Rakun na da kyan fuska, kamar ta sha kwalli, har wasu na ba ta abinci. Amma ita ce mai hannu kamar na mutum, tana buɗe kwandon shara, ta huda rufin ɗaki ta haihu ciki, tana kuma cikin masu ɗauke da ciwon haukan kare. Sai da birnin Toronto na Kanada ya kawo kwandunan shara masu makulli a 2016 saboda ita. Ofosum kuwa mummuna ce, kamar ƙaton ɓera, haƙori 50 a bakinta, tana goya ƴaƴanta cikin aljihun ciki. In ta tsorata sai ta faɗi kamar matacciya. Ƙwari da mushe da ƴaƴan itacen da suka faɗo take ci, da wuya ta kamu da haukan kare, amma ita mutane suka fi ƙyama. Ko'ina ɗan Adam da ido yake yanke hukunci.

To me za mu yi? Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Buhun Inna a ƙasa yake, jingine da bango, kan tsohuwar tabarma, ba wanda ya taɓa jan shi ya duba bayanshi. Mu muka shimfiɗa wa gafiya hanya. Don haka, kafin a nemi ɓarawo a nemi alama. Gafiya na barin sabuwar ƙasa a bakin rami, da tarin ɓawo wuri guda, da kashi dogo baƙi, da huji a gindin buhu. A ɗora buhu kan katako ko duwatsu, a janye shi daga bango yadda mutum zai iya zagayawa. Masu buhun PICS mai leda biyu ciki, ku tuna ƙwari yake kashewa da rashin iska, huji guda ya ɓata aikin, don haka shi ya fi buƙatar a ɗaga shi. Iri kuwa, in da hali, a sa shi cikin gangar ƙarfe mai murfi ko tukunyar da aka liƙe bakinta. A share ƙarƙashin rumbu, a bar sarari yadda kyanwa da ido za su shiga. A janye tarin kara da shara daga gindin katanga. In an ga rami a sa tarko a bakinshi da gyaɗa, bayan an kama a cika shi da tsakuwa a liƙe.

Abu biyu nake roƙo a bari. Na farko maganin ɓeran nan na cikin leda da ake sayarwa ranar kasuwa, a zuba cikin tuwo a aje a fili. Guba ba ta san gafiya ba. Zabi za su ci, kaji za su ci, kyanwa ta ci mushen ta bi, kuma Allah Ya tsare, yaro mai rarrafe bai san tuwon wa ba ne. Na biyu hura wuta a bakin rami kusa da rumbu ko danni, musamman yanzu da iskar hunturu ta kusa. Garin kashe gafiya guda kada a ƙone abincin shekara. In an kashe ta kuma, kada a ɗauka da hannu tsirara, a binne da zurfi, a wanke hannu da sabulu.

Bushiya kuwa a ƙyale ta. Ma'aikaciya ce da ba ta karɓar ko dala. In tana damun kaji, a ɗaga akurki, a riƙa kwashe ƙwai da yamma. In dole sai ta bar gidan, a tura ta cikin kwando da felu a kai ta bakin gona. A kuma gaya wa yara, wanda ya ga ta dunƙule ya wuce abinshi.

Baba mai tambaya, in wani ya karanta maka wannan, amsarka ke nan: gafiya ce, kuma raminta bai fi taku kaɗan daga rumbunka ba. Allah Ya mayar maka da zabinka. Amma na gode Allah da a gidanka abin ya tsaya kan bushiya da zabi. A gidaje da yawa, in abu ya ɓata, kafin a duba gindin bango an riga an dubi almajiri, ko ƴar aiki, ko kishiya, ko ɗan riƙo. Su ne ake iskewa bakin ƙofa, kuma su ne ba su da bakin kare kansu.

A waccan shekara Inna ta shuka abin da ya rage, rabin gonar gyaɗa ta bar shi da wake. Ɗan kunnen bai sake hawa kunnenta ba har ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Yaron nan yanzu ya kai shekara talatin, wataƙila da iyalinshi. Rediyonmu ana kama shi har ƙetaren iyaka, rubutu kuma ba ya da iyaka. In Allah Ya sa wannan ya iske wanda ya yi karatun allo a Sassumbrum a 2005, aka doke shi kan gyaɗar da bai ɗauka ba: ni ne na ce na gan ka. Gyaɗar an same ta cikin rami. Don Allah ka yafe mini.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya tsare mana abin da muka noma, Ya kuma tsare mu da ɗaukar alhakin wani.